Idon Kalli Da Makomar Kifinmu

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwar kifi ya gabatar a zaman ƙungiya a Tirwun)

 

An nemi mu 'yan kasuwar kifi mu yi bayani a kan abin da ya sa kifin da ake kawowa yanzu ya ƙanƙance, kuɗinsa kuma kullum gaba yake yi. Iyayenmu mata ne suka fi yin wannan tambaya, kuma suna da gaskiya, domin su ne ke riƙe da tukunya. Dalilai suna da yawa: akwai tsadar mai da kuɗin mota, akwai faɗuwar darajar naira, akwai rashin tsaro a wuraren su. Waɗannan duk sun fi ƙarfin wannan zaure. Amma akwai dalili guda wanda hannunmu yake kai gare shi, kuma a kansa za mu tsaya yau, wato girman idon ragar da ake kama kifin da ita.

Yadda kalli yake kamu

Da yawa daga cikinmu sun ci kifi shekara da shekaru ba su taɓa ganin yadda ake kafa kalli ba, saboda haka bari mu fara daga nan. Kalli raga ce doguwa da ake shimfiɗawa a tsaye cikin ruwa kamar katanga. Igiyar sama ana ɗaura mata abin da zai sa ta taso, ta ƙasa kuma a sa mata dalma ko duwatsu don ta nutse. Masunci ya kafa da yamma, ya dawo da asuba ya duba.

Kalli ba ya bin kifi, kifi ne ke zuwa ya same shi. In ya zo wucewa sai ya cusa kai cikin ido ɗaya. Idan jikinsa bai kai idon ba, sai ya zurare ya wuce abinsa. Idan ya fi idon girma sosai, kan ma ba zai shiga ba, sai ya yi karo ya juya. Wanda ake kamawa shi ne wanda kansa ya shiga, cikinsa ya ƙi wucewa, da ya ja baya sai zare ya maƙale masa a bayan kunne, wurin da yake numfashi. To kun ga kenan, kowane kalli yana da girman kifin da yake zaɓa. Mai sayen raga a kanti, tun kafin ya je bakin ruwa ya riga ya yanke hukuncin girman kifin da zai mutu.

Akwai waɗanda ba su cika bin wannan ƙa'ida ba. Kurungu da ƙayoyinsa, tarwaɗa da nata, tsage da haƙoransa, waɗannan sukan sarƙe ko da idon bai yi daidai da su ba, musamman in an ɗinka ragar a kan igiya da sako-sako. Amma ga yawancin kifi, musamman karfasa wadda ita ce ta fi yawa a madatsun ruwanmu, ido shi ne alƙali.

Masunta sukan auna ido da yatsu, a ce wannan mai yatsa biyu ce, waccan mai uku, waccan mai huɗu. Awon yana da sauƙi, sai dai yatsan ƙato da yatsan yaro ba ɗaya ba ne. Awon da hukuma ta sani shi ne a ja idon ya miƙe har ya rufe, sannan a auna daga ƙulli zuwa ƙullin da yake fuskantarsa. Dokar su ta ruwayen cikin ƙasa, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1992, doka mai lamba 108, ta hana kamu da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci 3. Ta keɓe ragar kama ƙananan kifin nan da ake kira warangi, domin shi haka Allah Ya halicce shi, ko ya tsufa ba ya wuce tsawon yatsa. Dokar ta kuma hana su da guba, da nakiya, da wutar lantarki.

Me ya sa inci 3?

Masana ba su zaɓi wannan awo don su takura wa talaka ba. Hikimar ita ce a bar kifi ya hayayyafa ko da sau ɗaya ne kafin ya shiga tukunya. Mu ɗauki karfasa. Namijin yakan share ɗan gurbi a ƙasa inda ruwa ba zurfi, macen ta zuba ƙwai, sannan, a irin karfasar da ta fi yawa a wurinmu, ta kwashe ƙwan ta riƙe a cikin bakinta kamar mako ɗaya zuwa biyu, ba ta ko cin abinci, har 'ya'yan su ƙyanƙyashe su iya iyo. Duk wanda ya kama ta a wannan hali ya kama ta ne da ɗaruruwan 'ya'ya a baki. Masu gyaran kifi a cikin iyayenmu mata sun sha ganin wannan da idonsu.

Tarwaɗa kuwa jiran damina take yi. Da ruwa ya cika ya malala cikin ciyawa sai ta hau can ta zuba ƙwai, kuma babbar mace guda tana iya zuba dubun dubata. Bargi shi har sheƙa yake yi da ciyawa a cikin ruwa, ya tsaya yana gadin 'ya'yansa. Giwan ruwa, wanda yakan wuce kilo 100 in ya samu rai, yana buƙatar shekaru kafin ya isa haihuwa. Kuma a kowane iri, babbar mace ta fi ƙarama yawan ƙwai nesa ba kusa ba. Saboda haka ragar da ke kwashe kifi tun yana ɗan yatsa biyu, tana kashe na yau ne tare da na baɗi. Manomi ko yunwa ta kai ina, ya san ba a dafa iri.

Yanzu mu zo ga lissafi, tunda mu 'yan kasuwa ne. Wannan misali ne kawai don a gane. A ce ga 'yan karfasa 20, kowace giram 50, jimla kilo ɗaya kenan. A ce an bar su a ruwa har kowace ta kai giram 250. Mun san ba duka za su rayu ba, tsuntsu zai ci, babban kifi zai ci. To a ce rabi sun mutu, saura 10. Goma sau 250, kilo biyu da rabi kenan. An ninka nauyi fiye da sau biyu ba tare da an saya musu abinci ko na sisi ba, sun kuma bar 'ya'ya a baya. Daɗin daɗawa, kowa a nan ya san kilo ɗaya na manyan kifi ya fi kilo ɗaya na ƙanana kuɗi. In kuwa banda aka yi, ƙaramin kifi shi ne ke fara ƙonewa a kan wuta, shi ne ke marmashewa a kwali, kafin mota ta iso kasuwar Muda Lawal ko Wunti wani sashensa ya zama gari. Asarar wa ce wannan? Ai ta mai kaya ce.

Yadda ake faɗawa rami

Babu masuncin da ya ƙi babban kifi. Abin yana farawa ne sannu a hankali. Masunta sun yi yawa a ruwa, manyan kifi sun ragu, mai raga inci 4 ya kwana biyu yana dawowa hannu wofi, ga iyali, ga bashi. Sai ya sayi inci 3. Kamu ya dawo na ɗan lokaci, maƙwabtansa suka gani suka bi. Bayan shekara ɗaya ko biyu, inci 3 ma ta daina kamawa, domin an kwashe waɗanda za su girma su kai wannan ido. Sai a sauka inci 2, daga nan inci ɗaya da rabi, har a kai ga wasu suna jan gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓin cizon sauro. Kowane mataki yana kawo sauƙin wata shida da wahalar shekaru. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji magabata, amma a gaskiya a nan yunwa ta fi kwaɗayi yawa.

Sai kuma ga ragar roba mai zare ɗaya, wadda take kamar leda. Tana da arha, kifi ba ya ganinta a ruwa, saboda haka ta fi ta zare kamu. Ba a cika ɗinke ta in ta yage ba, sai a yar. Ita kuwa ba ta ruɓewa da wuri, tana nan a ƙarƙashin ruwa tana ta kama kifi yana mutuwa, ba mai ci, ba mai sayarwa.

Akwai wani abin mamaki game da karfasa. Idan aka matsa mata da kamu, takan fara haihuwa tun tana ƙarama. Sai ruwa ya cika da 'yan ƙanana masu ƙwai, mutum ya duba ya ce ai kifi yana nan da yawa. Yana nan ɗin, amma ba irin wanda zai biya kuɗin raga da kuɗin makarantar yara ba.

Abin da ya faru a manyan ruwaye

Kada wani ya ce wannan zancen turawa ne. Mu dubi ruwayen da iyayenmu suka yi fatauci a cikinsu.

Tafkin Chadi a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. A wannan lokaci ne ragar nailan ta shigo ta maye gurbin ragar da ake saƙawa da hannu, hanyar mota kuma ta sa bandar Baga ta riƙa kaiwa har Onica da Ikko. Masunta suka kwararo daga ko'ina, cikinsu har da Hausawa masu yawa. Manyan kifi suka fara raguwa, aka riƙa rage idon raga don a bi waɗanda suka saura. Sai fari ya zo a 1972 zuwa 1974, ya sake dawowa a shekarun 1980, ruwa ya janye, tafkin ya koma kimanin kashi ɗaya cikin goma na yadda yake. Irin su giwan ruwa da faliya suka yi ƙaranci, tarwaɗa da karfasa masu jure ruwan fadama suka fi yawa. Daga baya aka shigo da dumba, wato jera gurar Mali ɗaruruwa a tare hanyar da ruwa ke bi, babba da yaro duk su faɗa. Fari daga Allah ne, ba mai iya tare shi. Amma ya zo ya tarar da kifin da raga ta riga ta raunana. Sannan rikicin Boko Haram, musamman bayan harin Baga na watan Janairun 2015, ya tsayar da wannan kasuwa na tsawon shekaru, masunta da yawa suka watsu zuwa wasu ruwaye, nauyi ya ƙaru a kan ƙananan madatsu.

Sai tafkin Kainji, wanda aka samu bayan kammala dam a 1968. A 1971 an ƙiyasta kamun shekara da kimanin tan 28,000, amma kafin ƙarshen shekarun 1970 ya faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan. Wani ɓangare na faɗuwar ɗabi'ar sabon dam ce, domin ciyawa da itatuwan da ruwa ya cinye sukan zama taki na 'yan shekaru sannan su ƙare. Wani ɓangaren kuwa yawan raga ne da ƙanƙantar ido. Daga baya dala ta yawaita, wato doguwar ragar nan da ake ja zuwa gaɓa don warangi, amma tana haɗowa da 'ya'yan manyan kifi masu ɗimbin yawa. A shekarun 1990 gwamnatin Nijeriya da ta Jamus suka yi aikin haɗin gwiwa a tafkin, jihohin Neja da Kebbi suka yi dokokin su, aka hana dala, aka sa lasisi. Babban darasin da aka koya a can shi ne, doka ba ta tafiya da jami'in gwamnati shi kaɗai. Sai da aka shigo da masarautun Borgu da Yawuri da sarakunan ruwa da su kansu masuntan, sannan magana ta fara shiga kunne.

Argungu kuwa ta riga kowa sanin wannan. Bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, abin da ya sa ake fito da ƙattin giwan ruwa a Matan Fada shi ne an hana su a wurin sai lokacin biki, kuma sarkin ruwa yana tsaye a kan haka. Ruwan da aka bari ya huta shi ke fitar da abin kallo.

Har teku ma haka ne

Wani zai ce, in na kogi ya ƙare ai ga kifin ƙanƙara, ga Titus, ga kote, ga shawa. To bari mu leƙa bakin teku, domin can ma maganar ido ce.

Gaɓar tekun Nijeriya ta kai kimanin kilomita 850. Masuntan Ilaje da Ijo da Ibibiyo suna kama kifin da ake kira bonga da kalli, kamar yadda namu suke kama karfasa. 'Ya'yan bonga suna girma ne a bakin koguna da lunguna inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri, sai sun yi ƙwari su fita teku. Mai ƙaramin ido da ya tsaya a lungu yana cika jirgi da 'ya'ya, shi ne ke hana mai babban ido da ke can waje samun na kirki. Dokar su ta teku, ita ma ta 1992, ta hana manyan jiragen jan raga shiga cikin mil 5 na ruwa daga gaɓa, ta kuma sa musu iyakar ido, milimita 76 ga kifi, 44 ga jatan lande. Dalilin dai ɗaya ne da namu.

A Gana, inda 'yan'uwanmu suke zaune a zango-zango, ƙananan kifin teku da talakawa suka dogara da su sun ragu ƙwarai, har a 2019 gwamnati ta rufe teku ga masu kwale-kwale na tsawon wata guda don kifi ya samu ya hayayyafa. A tafkin Biktoriya na gabashin Afirka, ƙasashen Kenya da Uganda da Tanzaniya sun taɓa amincewa a kan cewa giwan ruwan da za a kama ya kasance tsakanin santimita 50 da 85, wato a bar yaro ya girma, a kuma bar uwa ta haihu. A Kanada, kifin da ake kira kod, ɗan'uwan wanda ake busarwa a Norwe a kawo mana, an daɗe ana ganin ba zai taɓa ƙarewa ba. Manyan jirage suka yi ta kwasa har gwamnati ta rufe kamunsa a 1992, mutane wajen 30,000 suka rasa sana'a, kuma sai a 2024 aka sake buɗewa kaɗan. Shekara 32 kenan. In teku ta iya gajiya, ina ga dam ɗin Gubi?

Kuma kada mu manta, alƙaluman da gwamnatin tarayya ta sha faɗa suna nuna ƙasar nan na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa kuwa bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Kifin ƙanƙara da kuɗin waje ake sayo shi, duk ranar da dala ta Amurka ta tashi, kwalinsa ya tashi. Kifin da babu ruwansa da canji shi ne wanda ke iyo a bayan gidanmu.

Ruwan da ke kusa da mu

Ruwayen da muke samun ɗanyen kifi ba su da yawa: dam ɗin Gubi, dam ɗin Waya, kogin Gongola ta wajen Dindima, tafkin Maladumba a ƙasar Misau, sai Daɗin Kowa a jihar Gombe. In ka cire Daɗin Kowa, duk ƙananan ruwaye ne. Ƙaramin ruwa yana saurin lalacewa, amma kuma yana saurin farfaɗowa, domin karfasa da tarwaɗa cikin shekara guda suke isa haihuwa. Masunta kaɗan in suka haɗa kai, za a ga bambanci a damina ɗaya ko biyu. Abin da ya gagari Chadi mai ƙasashe huɗu, bai kamata ya gagari Gubi ba.

Gubi kuma tana da wani matsayi, domin ita ce ruwan shan birnin Bauchi. Inda kifi ya ƙanƙance har raga ta daina biya, daga nan ne wasu marasa tsoron Allah ke komawa ga zuba maganin ƙwari irin su Gamalin a ruwa. Ƙaramin ido shi ne matakin farko na tsanin da ƙarshensa guba ce. Wannan kuwa ya shafi mai cin kifi da wanda bai taɓa ci ba.

Inda hannunmu yake

To jama'a, mu ba masunta ba ne, me ya kawo mu ciki? Ku duba yadda sana'ar take tafiya. Masunci da yawa ba shi da kuɗin raga. Ɗan kasuwa ne ke saya masa, bisa sharaɗin ya riƙa kawo masa kamu ana cirewa a hankali. Mai kanti ne ke zaɓar irin ragar da zai saro daga Kano ko Ikko. Dillali ne ke sa kuɗi a bakin ruwa. Uwargida ce ke cewa a zuba mata kashin ƙanana don su fi yawa a ido. Masunci ne ke jefa raga, amma kuɗin da ya sayi ragar da kuɗin da ya sayi kifin duk daga tudu suka fito. Ranar da ƙaramin kifi ya rasa mai saye, ranar ƙaramin ido zai rasa mai kafawa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a matsayinmu na mazauna. Iyayenmu sun zo daga Kano, Katsina, Zazzau, Haɗeja, Sakkwato da sauran wurare, suka sauka a wannan gari mai tarihi, mahaifar Malam Yakubu, Sarkin Bauchi na farko. Gerawa masu gari suka karɓe su, suka ba su wurin zama, aka yi auratayya, aka zama ɗaya. Ruwan nan ba mu muka zo da shi ba, tarar da shi muka yi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. In ruwa ya lalace, kafin a tambayi wa ya kafa raga za a tambayi wa ya sayo ta, kuma duk inda arziki ya ragu, wanda ya zo daga baya shi ake fara kallo. Kare kifin nan kare mutuncin zamanmu ne.

Mun san abin da masunci zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce, in na koma inci 3 yau, wata nawa zan yi ina dawowa da ɗan abin da bai kai na cefane ba? Kuma in ni na bari, maƙwabcina bai bari ba, ai na yi wa wani kiwo ne. Duka biyun gaskiya ne. Watannin farko kamu zai ragu. Shi ya sa ba daidai ba ne a ɗora wa mafi talauci a cikin sana'ar dukan nauyin gyaran. Wanda zai ci ribar babban kifi gobe, ya kamata ya ɗauki rabonsa na haƙurin yau. Shi ya sa kuma abin ba ya yiwuwa sai an yi shi tare, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shawarwarinmu ga ƙungiya

Na farko, duk ɗan ƙungiya mai ba da bashin raga, kada ya sayi kallin da idonsa bai kai inci 3 ba. A sa kafinta ya yanko 'yan katako masu tsawon inci 3 daidai, a raba wa masu kanti da masu ba da bashi, a daina dogara da yatsu.

Na biyu, masuncin da ya yarda ya ajiye ƙaramar raga ya karɓi babba, ubangidansa ya sassauta masa biya na watannin farko, kada a matsa masa da cirewa har sai kamu ya daidaita. Ƙaramar ragar kuma a karɓe ta, kada ta koma hannun wani.

Na uku, a zauna da sarkin ruwa da jami'an kula da kifi na jiha a tsayar da mafi ƙanƙantar karfasa da tarwaɗar da za a saya, a yi alama a jikin katako a bakin ruwa inda kowa zai gani. Abin da bai kai ba, kada ɗan ƙungiya ya taya. Kifin da asalinsa ƙarami ne, kamar kawara, jami'ai su bayyana mana yadda za a yi da shi, don kada a hana halal.

Na huɗu, a bambanta farashi a fili. Wanda ya kawo manya a biya shi kuɗin manya ba tare da ja-in-ja ba, domin masunci ya ga amfanin haƙurinsa a aljihunsa.

Na biyar, a nemi masu ruwa su duba yiwuwar hutar da wuraren da kifi ke zuba ƙwai a tsakiyar damina, lokacin da da ma yawancin masunta suna gona. Wannan hukunci nasu ne da hukuma, namu shi ne mu kai shawara cikin ladabi ta hannun mai unguwa da hakimi, mu kuma yi alkawarin ba za mu sayi abin da aka sato daga wurin da aka hana ba.

Na shida, iyayenmu mata, kifin da kuka ga ya mutu da laushin jiki da wani irin wari, ko aka kawo shi tuli babba da yaro ba alamar raga a wuyansa, ku bar shi, ku kuma sanar da shugabanni. Gidan sauro kuma a bar shi a kan gadon yara.

Matasanmu da suka yi karatu, ku taimaka da rubutu. A samu littafi a riƙa rubuta abin da aka sayo kowane mako, irin kifin, yawansa da girmansa. Bayan shekara guda a kawo littafin nan zauren a karanta, mu ga ko abin da muka yi ya yi amfani. Akwai cibiyar binciken kifi ta tarayya a New Bussa, akwai malaman aikin gona a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa nan kusa da mu, in aka je musu da rubutu a hannu sun fi jin daɗin ba da shawara.

Muna roƙon shugaban zama, kafin a tashi, a zaɓi mutum biyar, cikinsu har da mace ɗaya da mai kantin raga ɗaya, waɗanda za su fara kai gaisuwa wurin sarkin ruwa kafin faɗuwar damina, su kawo mana rahoto a zama na gaba.

Allah Ya sa albarka a ruwayenmu da kasuwanninmu, Ya ƙara mana zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu.